Ragon Suna da Gorar Intanet

Kwamfutar gidanmu ta hannu ce, irin wadda ake shigowa da ita daga Turai bayan masu ita sun ci moriyarta. Na saye ta ne don aikina na koyarwa, ina buga tambayoyin jarrabawa a kanta, yarana kuma suna buga karta da zarar na ba da baya. Allonta mai ƙatuwar ƙeya ne, sai mutum ya rungume shi da hannu biyu kafin ya ɗaga. Tana zaune a kan tebur a ɗakin da ke jikin zaure, a gidan mahaifinmu da ke Bosso, inda nake zaune da iyalina tare da shi. Shekarunta na farko a wurinmu ba ta san wani abu wai shi intanet ba. Mai son aika saƙo sai ya tafi kafen intanet a bakin jami'a, ya bi layin ɗalibai, ya sayi awa guda, rabinta ta ƙare yana zaune yana kallon shafi yana buɗewa.

Da ba don ƙanena ba, da haka za ta ci gaba da zama. Shi ne autanmu, ya samu tafiya ƙaro karatu Malesiya, ya tafi da matarsa. Shekara ba ta zagayo ba ya bugo waya, ya yi ta kewaye-kewaye irin na mai jin kunyar yayansa, har dai na gane cewa matar tasa na da juna biyu.

Na yi murna, amma nan take na hango matsala, don na san halin Baba. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kaifi ɗaya, in ya ce e to e ɗin ce. A gidanmu kuwa shi ke raɗa wa jikoki suna, kuma ba ya raɗawa sai an miƙa masa jaririn ya dube shi son ransa. Ya ce haka ya taras mahaifinsa na yi. 'Ya'yana da na ƙannena mata duk ta hannunsa suka bi, har wadda ke aure a Bida sai da ya shiga mota ya je.

Na same shi a zaure da yamma na ce, "Baba, wannan karon ai sai dai ka faɗa masa sunan ta waya."

Ya ce, "In raɗa wa wa? Na ga yaron?"

"To, za su aiko hoto."

"Hoto na motsi? Hoto na jin magana?" Ya mayar da rediyonsa kunne, wato zance ya ƙare.

Da na gaya wa ƙanena, ya ce shi kam ba zai sa suna da kansa ba, don ba ya so a ce ɗansa ne jikan farko da ya fita daga sahu. Ni ma na san in aka yi haka Baba ba zai ce uffan ba, sai dai abin ya zauna masa a rai har ƙarshen rayuwarsa. Ƙanen nawa ne ya kawo shawara. Ya ce akwai hanyar da ake kira ta kwamfuta a ga juna ana motsi ana magana, abin da ake bukata kawai 'yar kyamara da intanet mai ƙarfi wanda ba ya yankewa. Ya faɗi haka cikin sauƙi, kamar wanda ya manta garin da ya fito.

Na tafi wani shagon kayan kwamfuta kusa da Kasuwar Kure na sayo kyamara da modem, ɗan abu kamar yatsa biyu da ake sa wa layin waya a soka a jikin kwamfuta. Mai shagon ya yi mini bayani a taƙaice. Akwai 'yar fitila a jikinsa, kuma kalarta na fitowa a allo. In ta nuna kore, to tafiyar hawainiya ce, saƙo kawai za a iya aikawa. In ta nuna shuɗi, an kama babbar hanya, har fuska za a gani. Na dawo gida ina taƙama, na soka, ta nuna kore. Na canza layi, kore. Sai da na gwada layin kowane kamfani da ke garin, kowanne da tallarsa mai daɗi a rediyo, kuma duk bakinsu ɗaya a ɗakina.

Matsalar ita ce gidanmu a kwari yake, ga benen maƙwabta ya tsaya mana a gabas. Ɗaliban unguwa masu kwamfutar tafi-da-gidanka sai su ɗauki abarsu su hau kan dutse ko katanga su yi harkarsu. Tawa kuwa uwar ɗaki ce, ba ta fita. Wani abokin aikina ya ce in sa murfin tukunya a bayan modem ɗin, wai yana tattaro sabis. Na ɗauko na matata mafi sheƙi na jingina. Ta leƙo ta ga abin da nake yi, ta ce, "Malam, in ya dahu a sammana." Ban kula ta ba, amma kwana biyu ina jin haushin maganar.

Dabarar da ta yi aiki daga eriyar talabijin na samo ta. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san yadda ake ɗaure eriya a kan gora, mutum ɗaya na juyawa a waje, na ciki na ihu. Na koma shago na sayo doguwar wayar ƙari, na sa modem ɗin a cikin robar ruwa saboda damina, na ɗaure a kan wata gora mai tsawo, na kafa ta a lungun da ke bayan tagar ɗakin. Wayar ta fito ta taga ta hau jikin gorar. Matata ta zauna gaban allo, ni ina waje ina juyawa.

"Ya yi?"

"Bai yi ba!"

"Yanzu fa?"

"Koma baya kaɗan. Tsaya! Tsaya nan, shuɗi!"

Ban san lokacin da na yi kabbara ba. Na tattaro duwatsu na danne gindin gorar, na ja wa yara kunne cewa duk wanda ya taɓa ta, ni da shi ne. Saura wuta. Madatsar ruwan Shiroro na nan kusa da mu, amma wutarta wucewa take yi ta kanmu ta tafi wasu garuruwa, mu sai dai mu ga wayoyi. Don haka na kai ɗan janaretanmu aka wanke shi, na ajiye galan ɗin fetur wanda na hana kowa taɓawa.

Ranar da muka fara gwadawa, fuskar ƙanena ta fito a allo ta daskare, baki buɗe, yara suka yi ta dariya. Can sai ta motsa, muka ji muryarsa tar, har muka ga labulen ɗakinsu. Na ruga zaure in kira Baba. Ya ce, "Shi wannan ai na san fuskarsa. Ranar da akwai abin gani a kira ni." Daga nan kusan kullum sai na gwada, kuma ban da ranar da aka yi ruwa da iska, shuɗin bai ba ni kunya ba. Har na fara ba mutane shawara a ɗakin malamai.

Aka sauka lafiya, mace. Uban ya yi mata kiran salla a kunne, suna kuwa aka bar wa Baba. Ya ce ba zai dube ta ba sai ranar suna, a gaban jama'a, kuma a nan gida za a yanka rago. Sunan ya faɗo ranar Lahadi. Muka shirya da safe, lokacin su can azahar ta yi.

Ranar Asabar da yamma Goggo ta iso daga Gwada. Ƙanwar Baba ce, ita ta yi alkawarin ragon, ta zo da shi a bayan a-kori-kura tare da tulin doya. Lokacin ina kasuwa wajen goro da alawa, da na dawo kuma na taras da gida cike da baƙi, aka shiga gaishe-gaishe. Na tambaya ko rago ya iso, aka ce ya iso, an ɗaure shi. Ban tambayi inda aka ɗaure shi ba.

Da safe zaure ya cika. Liman ya zo, maƙwabta sun zauna a kan tabarmi, mahauci na gefe yana wasa wuƙa. Baba ya fito cikin farar babbar riga wadda ba ya sawa sai da Salla. Na tayar da janareta, na kunna kwamfuta, na jira. Babu shuɗi, babu ma koren. Na zagaya lungu da gudu, sai ga gorata ta karkace ta jingina da bango, ga ƙaton rago ɗaure a gindinta, ga wayar ƙari a tsinke, guntunta na lilo a bakinsa yana taunawa a hankali yana kallona.

Ni mutum ne mai saurin fushi, kowa ya sani. Na ɗaga murya na ce wane ne ya yi wannan aiki. Goggo ta fito daga madafa da ludayi a hannu.

"Ni ce. Me ya faru?"

"Goggo, wannan fa intanet ne! Da shi Baba zai ga jaririyar!"

Ta dubi gorar sama da ƙasa ta ce, "Yo ni ina na san sanda na da wani aiki? Na shigo na ga turke a kafe, har da duwatsu an danne, na ce Allah ya yi wa yaron nan albarka, har turken rago ya tanada."

Gaskiyarta ce, a gidan Bahaushe duk sandar da ke tsaye a cikin gida ranar jajibirin suna turke ce. Kuma ba a yi wa Goggo tsawa, ko da ta ɗaure rago a jikin kwamfutar kanta.

Ga yadda lamarin ya tsaya mana. Ba za a yanka rago ba sai an faɗi suna, Baba ba zai faɗi suna ba sai ya ga yarinya, ganin yarinya kuma yana cikin ragon. Masu shagunan da ke sayar da irin wayar nan duk sun tafi coci, ba mai buɗewa kafin la'asar, lokacin kuwa dare ya yi a can. Na kwance modem ɗin daga gora na soka shi kai tsaye a jikin kwamfutar. Kore, yana ƙyaftawa. Na kira, kiran ya yanke. Na sake, ya yanke. Ƙanena ya bugo waya yana tambaya, na ce masa ya ba ni minti kaɗan, alhali ban san abin da zan yi da su ba.

Baba ya taso daga zaure ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ya dubi allon, ya dube ni. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya ce a hankali, "A bari kawai. Kada a tsare mutane. Ka ce masa ya sa wanda ya ga dama." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ban taɓa jin ya sauko daga maganarsa ba sai ran nan, kuma na ji tausayinsa ƙwarai, har na kasa ɗaga kai in dube shi.

Ana cikin haka maƙwabciyarmu mai benen ta shigo da kular shinkafa, gudummawarta ta suna. Ma'aikaciyar jinya ce, 'yar kudancin Kaduna, muna kiranta Maman 'Yan Biyu. Ta sha ado za ta coci. Ta leƙo ta gan mu cirko-cirko.

"Malam, lafiya? Fuskan ka ya kumbura haka ranan suna?"

Matata ta ba ta labari, har da na ragon. Ta yi dariya sai da ta dafa bango, sannan ta goge ido ta ce, "To ku kawo shi saman mu mana. Yarinya na in ya zo hutu, a falo na sama yana yin nashi, yana kama da kyau."

Na ce, "Ai kun shirya za ku coci."

"Coci ba zai gudu ba, akwai na biyu. Ku ɗauko."

Haka aka yi jerin gwano a layinmu da safiyar Lahadi. Ni na rungumi allon, mijinta ya ɗauki akwatin kwamfutar a kafaɗa da kwat ɗinsa ta coci, matata ta kwaso wayoyi da sifika a cikin daro. Mutanen zaure suka fito suna kallo, liman na tambaya ko can aka mayar da sunan. Mijin ya tayar da janaretansu, na harhaɗa komai a kan teburin cin abincinsu. Na soka modem. Ya yi kore, ya ƙyafta sau biyu, ya koma shuɗi ya zauna daram.

Saura Baba. Gwiwoyinsa sun daɗe da gajiya, a kan kujera yake salla, rabonsa da hawa bene tun kafin ya bar aiki. Mijin maƙwabciyar ya ce zai goya shi. Baba ya harare shi, ya tattare babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya dafa ni da hannu ɗaya, ya dafa shi da ɗayan. Muka hau a hankali, kowane mataki sai ya tsaya ya ja numfashi. Goggo na biye da mu tana ta salati, tana cewa a bi mata yaya a hankali, kamar ba ragonta ne ya jawo ba.

A bangon falon akwai gicciye na katako. Maman 'Yan Biyu ta yi sauri za ta cire, Baba ya ɗaga mata hannu. "Bar shi, 'yata. Gidanki ne, mu ne baƙi." Ya zauna a kujerar da aka ja masa gaban allo, ya gyara hula.

Na kira, aka ɗauka. Ga ƙanena, ga matarsa a bayansa ta rufe rabin fuska da mayafi tana gaishe da surukinta. Sannan ya ɗago jaririyar, naɗe cikin farin tawul. Baba ya matsa har goshinsa ya kusa taɓa gilashin, su can ba abin da suke gani sai hularsa, sai da na ɗan ja kujerar baya. Yarinyar ta yamutsa fuska, ta yi hamma, ta fito da hannu ɗaya a dunƙule ta kai baki. Baba ya daɗe yana kallonta. Ya ce a juyo ta gefe, aka juyo. Ya ce a buɗe masa kanta, aka buɗe. Ni idona na kan ɗigon shuɗin nan, ina roƙon Allah a zuci kada ya motsa, kuma bai motsa ba.

Ƙanena ya matso da kunnenta kusa da tasa kwamfutar ya ce, "Baba, ga kunnenta, tana jinka."

Baba ya sunkuya, ya yi bisimilla, ya buɗe baki, sai ya tsaya. Ya dubi 'yar kyamarar, ya dubi sifikar, ya girgiza kai.

"Muryata za ta kai, numfashina ba zai kai ba. Yaro da ɗumin baki yake sanin nasa." Ya dubi ƙanena a allo. "Ni nawa gani ne, na kuwa gani. Kai ka sa bakinka."

Ya faɗa masa sunan sau ɗaya, ya faɗa masa addu'ar da yake yi, wadda ko ni da nake babba ban taɓa jin ta a fili ba. Autanmu ke nan fa, wanda Baba bai taɓa yarda ya aike shi ko sayen goro shi kaɗai ba. Muka ga ya sunkuyar da kai a kan 'yarsa, leɓɓansa na motsi a jikin kunnenta, kafaɗunsa na girgiza. Goggo ta rangaɗa guɗa a falon mutane, Maman 'Yan Biyu ta taya ta. Ni kuwa murna ta cika ni har na rasa inda zan sa fuskata, sai na duƙa ina gyara wayar da ba abin da ya same ta.

Aka aika wa liman da sunan ta taga, ya yi addu'a, mahauci ya cika aikinsa. Mu muka kamo hanyar sauka, wadda ta fi hawan wuya. A tsakiyar matakalar Baba ya tsaya, ya damƙe hannuna.

"Kai, wannan abin naka, a yi masa gyara na gaskiya, ba gora ba. Ina so in ga haƙorinta na fari."

A satin nan mai walda ya kafa bututun ƙarfe a jikin bangon benen, da iznin masu gida, aka ɗora eriya ta sosai a kai, aka jawo waya ta cikin roba har ɗakina. Kwamfutar ta koma teburinta, kuma tun daga nan ko ana ruwa shuɗi take nunawa. Duk Juma'a da hantsi Baba kan sa hula ya zo ya zauna a gabanta tun kafin in kunna janareta. Haƙoran biyu suka fito tare, na ƙasa, kuma shi ya riga uban ganinsu.